Zobo, kanwa da yammacin Alhamis

Ɗan yayata yana aji biyar na firamare, yaro ne mai ƙwaƙwalwa tubarkalla, duk zango ba ya wuce na ɗaya zuwa na uku a ajinsu. Rannan na je gidan sai uwar ta ce ya zo ya karanta wa Kawu abin da aka koya musu a darasin kimiyya, yaro ya tsaya ƙiƙam ya maida hannu baya ya rero min bayanin yadda ruwa ke zama tururi da Turanci, tiryan-tiryan, ko numfashi bai ja ba. Na ce madalla, Allah ya yi albarka. Muna zaune kuwa ga randa nan a gindin rumfa, sai na ɗebo ruwa a moɗa na ce to malam, me ya sa ruwan randa ya fi na jarka sanyi alhali duk a inuwa ɗaya suke? Yaro ya yi zuru. Ya kalli uwarsa ya kalle ni, can ya ce Kawu ba a zo nan ba tukuna.

An zo fa. Shi ne abin da ya gama rera min yanzun nan. Randa tana da ƙananan ƙofofi a jikinta da ido ba ya gani, ruwa na tsattsafowa ta nan ya jiƙa bayanta, iska ta busar da shi, in zai tashi kuma sai ya tafi da zafi, abin da ya rage a ciki ya yi sanyi. Jarkar roba ba ta tsattsafo, shi ke nan bambancin. Ya san abin da Turanci, ya ci maki goma bisa goma a kansa, amma bai taɓa sanin cewa da randar tsakar gidansu ake magana ba. Kuma ba laifinsa ba ne, ni ma haka na yi tawa firamaren, har na gama sakandare ban taɓa haɗa waya da batir da hannuna na ga ƙwai ya kama ba, a allo kawai ake zana mana mu kwafa.

Wannan ilimin na randa shi ne fa Mohammed Bah Abba, wani malami a Jigawa, ya ɗauka ya sa ƙaramar tukunya cikin babba ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma, ya zama firij ɗin da ba ya buƙatar wuta, tumatir da gauta da alayyafo su yi kwanaki ba su lalace ba. A shekarar 2000 kamfanin Rolex ya ba shi lambar yabo a kan haka. Babu wani sinadari daga waje a ciki, laka ce da yashi da ruwa, da kuma mutumin da ya tsaya ya kalli abin da kowa ke wucewa.

Shi ya sa nake ganin abin da yaranmu na firamare suka fi buƙata a fannin kimiyya yanzu ba ƙarin darasi ba ne, darasi kam sun sha, jakar wani yaron ma in ka ɗaga sai ka tausaya wa bayansa. Awa ɗaya suke buƙata a sati, bayan an tashi daga makaranta, wadda babu kwafar allo a cikinta babu jarrabawa babu bulala, a baje musu kaya a tabarma su taɓa su zuba su ɓata su sake. Na san wani zai ce ai wannan wasa ne. Eh wasa ne. To sai me?

Na gwada da kaina shi ya sa nake da bakin magana. Bayan abin randar nan ya tsaya min a rai sai na tara yaran gidanmu da na maƙwabta a soro, su goma sha ɗaya, wata Alhamis bayan la'asar. Kayan aikin namu zobo ne da aka jiƙa ba a sa sukari ba, da lemon tsami, da kanwa da aka jiƙa, da ruwan toka, da ɗan omo, da robobin ruwa da muka yanke suka zama kofuna. Na zuba wa kowa zobo na ce kafin ka ɗiga komai faɗa min me kake zaton zai faru. Wanda ya matsa lemon tsami nasa ya ƙara ja jawur. Wata yarinya 'yar aji uku ta ɗiga ruwan kanwa, nan take zobon ya rine ya koma wani duhu-duhu mai sirkin kore, ta saki ihu ta ja da baya ta ce Kawu, zobon ya lalace. Na ce to gyara shi. Suka yi carko-carko suna kallon kofi, wani ya ce a ƙara ruwa, aka ƙara bai dawo ba sai dai ya yi fari-fari, wani ya ce a sa sukari, na ce babu sukari, can sai ita mai kofin ta ɗauki ɓarin lemon tsami ta matsa, abu ya yi kumfa ya taso fuuu, ja ya dawo. Wallahi ihun da suka yi sai da maƙwabciyarmu ta aiko a ga ko lafiya.

Abin da ya fi burge ni ba ihun ba ne. Ana cikin haka yarinyar ta ce au, shi ya sa in Umma za ta yi miyar yakuwa take jefa kanwa, wai ta kashe tsami. Ban ce mata komai a kan asid ba, ban ambaci wani dogon suna ba, ita da kanta ta ɗauko abin daga kofin roba ta kai shi kicin ɗin uwarta. Ranar da za ta shiga sakandare a fara yi mata bayanin asid da kishiyarsa, tana da inda za ta rataye maganar. Ɗan yayata kuwa mai na ɗaya, shi ne ya fi kowa jin tsoron ɗiga abu a kofi, yana ta tambayata wanne ne daidai, wanne ne daidai, don shi a saninsa duk tambaya tana da amsa ɗaya da ke hannun malam kuma wanda ya kuskure ya shiga uku. Sai a sati na uku ya saki jiki.

Kuma kayan nan ba sa ƙarewa, in ka fara dubawa sai ka ga duk gidan ɗakin gwaji ne. Yis ɗin da ake kwaɓa fanke da shi, a sa shi a kwalba da sukari da ruwan ɗumi a ɗaura balan-balan a baki, su zauna su ga yana kumbura shi kaɗai. Wake a jiƙaƙƙiyar auduga, ɗaya a taga ɗaya a cikin kwali mai duhu, kowa ya riƙa aunawa da rula kullum yana rubutawa. Mayen ƙarfe daga tsohuwar sifika, a ja shi cikin yashi a ga baƙin garin da zai kwaso. Ruwan kududdufi a raba uku, ɗaya a tace da tsakuwa da yashi da gawayi, ɗaya a jefa masa alam, ɗaya a sa dakakken ƙwallon zogale, a ga wanne zai fara kwanciya, a kuma ja musu kunne cewa ruwa ya yi garau ba shi ne ya zama na sha ba. Ko sanda kawai a kafa a fili ranar da babu makaranta a riƙa sa dutse a ƙarshen inuwarta duk bayan awa, su ga inda ta fi gajarta ta fara komawa gabas, to ga zawalin da ake karantar da su a Islamiyya a babin lokutan sallah ya fito a ƙasa ƙuru-ƙuru. Yaron Kano kuma a ce bai taɓa zuwa karofin Ƙofar Mata ba, inda ake rini tun ɗaruruwan shekaru, ya ga an tsamo zane daga ruwan baba yana kore-kore iska na bugunsa yana komawa shuɗi a gaban idonsa, ai an cuce shi.

To amma kar in yi kamar abin sauƙi ne, akwai matsaloli na gaske kuma babbar cikinsu ba kuɗi ba ne, lokaci ne. Yaron Arewa ba shi da yamma. Ya dawo daga boko wajen ƙarfe ɗaya ko biyu, wanda ke makarantar kuɗi ma an riƙe shi lesin har uku, ya watsa abinci a ciki ya sa kayan Islamiyya, sai dab da magariba zai dawo, Asabar da Lahadi kuma da safe akwai hadda. Duk wanda ya zo da wani shiri da zai ci karo da Islamiyya to ya sani tun kafin ya fara ya faɗi, kuma ni ma ba zan goyi bayansa ba. Amma mafi yawan Islamiyoyinmu ba sa karatu Alhamis da Juma'a, haka muka taso muka gani tun daga makarantar allo. Yammacin Alhamis ɗin nan yara ba abin da suke yi da shi sai ƙwallo a layi da kallon waya. Nan ne gurbin. Kuma in da dabara ma ajin Islamiyyar da ke kulle ranar shi za a roƙa, tunda iyaye sun riga sun yarda da wurin sun san hanyarsa, za su fi sakin 'ya'yansu mata zuwa can fiye da wani sabon waje da ba su sani ba.

Maganar mata kuma ina so in ɗan tsaya a kanta. A sati na biyu da muka yi batir da ƙwan tocila, ina juya baya sai na ga maza sun kwashe wayoyin da batiran duka, matan suna tsaye a baya suna leƙe, kuma ba wanda ya hana su fa, kawai kowa ya ɗauka haka abin yake, wuta ta maza ce. Sai da na raba su rukuni na ba matan nasu kayan daban, kuma su suka fara kunna ƙwai biyu a jere. Yarinyar da ke ɗaukar talla bayan makaranta ita ce mafi wuyar samu, uwarta ba za ta bar farantin awara ya kwana saboda wasan zobo ba, kuma tana da gaskiyarta tunda da cinikin ake cefane. Biyu daga cikin nawa haka na rasa su, sun zo sau ɗaya ba su sake ba, har yau abin na damuna.

Sai kuma wani abu da nake tsoro, wato abin ya faɗa hannun masu mayar da komai sana'a. Yanzu a manyan makarantun kuɗi na Abuja da Kaduna da Kano za ka ga an sa kulob ɗin mutum-mutumi da koyon rubuta manhajar kwamfuta a takardar kuɗin makaranta, a sayo akwatin kayan haɗawa daga waje da tsada, yaro ya bi hoton littafi ya jona wannan da wancan mota ta tashi a ɗauki bidiyo a sa a Instagram. Ban ce ba shi da amfani ba, wanda ke da hali ya yi. Amma in aka bari mutane suka ɗauka cewa wannan shi ne kimiyyar hannu, to an gama da ɗan talaka, hedimastan makarantar gwamnati da ke da yara sama da ɗari a aji ɗaya suna zaune a ƙasa zai ce mu da ba mu da benci ina mu ina mutum-mutumi, ya naɗe hannu. Alhali yaron da ya ƙera mota da gwangwanin madara da murfin kwalba da silifas ɗin da ya tsinke, ya yi mata sitiyari da dogon kara yana tuƙawa a layi, ya warware matsaloli da kansa fiye da wanda ya bi hoton littafi, don shi ba wanda ya ba shi hoto, tayar ta karkace sau biyar kafin ya gano yadda zai daidaita ta. A ƙauye da karan dawa muke yi, har da ƙofa mai buɗewa. Me muke ce wa irin wannan yaron? Ɗan bola, mai kwashe-kwashe, tashi ka ɗauki littafi. Wanda ya kwance rediyon babansa kuwa ranar sai ya kwana da tabon bulala.

Sannan in ɗaya daga cikinsu ya tsira ya girma ya yi abin mamaki sai mu cika Facebook da hotonsa. A 2007 Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin fiziks a Jami'ar Bayero, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da tarkacen ƙarafa, labarin ya zaga duniya. Jelani Aliyu da ya taso a Sakkwato yana zanen motoci tun yana yaro, ya je Amurka ya zana motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors. A Malawi William Kamkwamba yana da shekara 14 yunwa ta fitar da shi daga makaranta, ya haɗa injin iska mai ba da wuta da tarkacen keke. Muna son irin waɗannan labaran sosai, amma ni in na ji su abin da ke zuwa min a rai shi ne sauran yaran layinsu da aka yi wa tsawa suka daina.

Wasu ƙasashen sun gane wannan tuni. A Faransa wani masanin fiziks, Georges Charpak, wanda ya ci kyautar Nobel a 1992, bai ga ya fi ƙarfin 'yan firamare ba, a tsakiyar shekarun 1990 ya jagoranci wani shiri da ma'anar sunansa ita ce sa hannu cikin ƙulli, yara su yi tambaya su gwada su rubuta abin da suka gani da kalmominsu. A Indiya akwai Arvind Gupta, injiniya ne da ya bar aikin kamfanin mota ya shafe shekaru yana koya wa yara yin kayan gwaji da shara, ashana da tsinken tsotsar lemo da tsohuwar tayar keke, bidiyoyinsa na nan birjik a intanet kyauta, kuma sharar tasu irin tamu ce sak.

Mu ma ba a ce ba a taɓa yin hoɓɓasa ba. A 1977 tsohuwar jihar Kano ta buɗe makarantun sakandaren kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, kuma duk wanda ya san asibitoci da jami'o'in Arewa ya san irin likitoci da injiniyoyin da suka fito daga can. Akwai kulob ɗin JETS, na ɗalibai masu sha'awar kimiyya da ƙere-ƙere, a makarantu da dama. Amma duk wannan yawanci a sama yake farawa, an tace an zaɓi waɗanda suka ci jarrabawa. Ɗan shekara takwas da bai riga ya yanke wa kansa hukuncin cewa kimiyya ta masu ƙwaƙwalwa ce ba, shi ne ba wanda ya tanadar masa komai. Lokacin da zai gama aji uku na ƙaramar sakandare ya riga ya tsorata ya gudu ajin adabi, ba don yana son adabin ba.

Waye zai koyar? Ni dai ba zan ɗora wa malamin firamare ba, mutumin da ya yini yana fama da aji cike maƙil ga albashin da bai kai tsakiyar wata ba, ka ce ya dawo da yamma kyauta, zalunci ne, in zai yi to a biya shi. Amma unguwa cike take da mutane. Ga masu NCE da digiri suna zaune a majalisa ba aiki, ga 'yan bautar ƙasa da dama suna da ranar hidimar al'umma duk sati, ga mai gyaran waya da mai haɗa sola da bakanike da maƙeri da mai ginin tukwane, kowannensu in aka gayyace shi sau ɗaya a zango ya zo da kayan aikinsa zai ji an girmama shi. Mai haɗa solar layinmu da na roƙa ya zo, da ƙaramin faranti ɗaya da 'yar fanka ya zo, ya ce wa yara su tare rana da hannu, fanka ta tsaya, su janye ta tashi, sun fi minti ashirin suna wannan kawai, wani ya rufe rabi ya ga ta rage gudu. Sharaɗin mai jagorantar abin guda biyu ne a wajena, ya iya cewa ban sani ba mu gwada mu gani, kuma ya iya riƙe hannunsa kar ya karɓe kayan ya yi musu. Na biyun ya fi wuya, ni kaina sau nawa ina kama kaina na miƙa hannu. Na taɓa zuwa wata gasar kimiyya ta makarantu na ga yaro tsaye gaban wani ƙaton gida na kwali da fitilu, aikin ya yi kyau har ya yi yawa, da aka tambaye shi ina makunnin yake sai ya waiga yana neman malaminsa.

Kuma a yi da Hausa don Allah. Sunan abu na Turanci zai zo daga baya, ba gudu yake ba. Yaro ba zai yi gardama da ɗan'uwansa a kan me ya sa nawa ya kama naka bai kama ba da harshen da yake tsoron yin kuskure a cikinsa, kuma gardamar nan ita ce rabin karatun. A kula da haɗari kuma, babu wutar NEPA babu fetur babu sodar sabulu, babu fasa batir, wuƙa da reza a hannun babba kawai. Ni ranar farko ina waige ɗaya wani ɗan ƙarami ya kai kofin zobo mai omo baki, Allah ya sa yayarsa ta doke hannun, tun ranar dokarmu ta farko da suke faɗa tare kafin a fara ita ce ba a shan kayan gwaji ko da zobo ne.

Gwamnati kuma abin da nake roƙonta kaɗan ne, don na san in aka ce shiri ne na gwamnati sai a kafa kwamiti a yi taron ƙaddamarwa a ba da kwangilar akwatunan kaya su ƙare a kulle a ofishin hedimasta don kar a tambaye shi in sun ɓata. Jihar Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, wasu jihohin ma suna ta maganar gyara. To a cikin gyaran a ba makarantu izinin buɗe aji ɗaya ranar Alhamis da yamma, a ware ɗan alawus ga wanda zai tsaya, a buga ƙaramin littafin gwaje-gwaje da Hausa wanda duk kayan cikinsa ana samu a kasuwar ƙauye. Sauran kwamitin iyaye da malamai da masu unguwanni za su iya, yadda muke haɗa kuɗin gyaran taransifoma da na maigadin layi.

Namu na soro yanzu sun kai goma sha tara, tabarma biyu ba ta isa. Satin da ya wuce ɗan yayata ya zo da robobin ruwa guda biyu, ɗaya ya naɗe ta da jiƙaƙƙen tsohon safa ɗaya ya bar ta haka, ya rataye su a ƙofar soro inda iska ke kaɗawa, ya ce kar wanda ya taɓa sai bayan sallar magariba. Bai tambaye ni ko daidai ne ba. Wannan Alhamis ɗin kuma wai tukwane biyu yake so da yashi, na ce ya je ya roƙi uwarsa, ni ba zan shiga tsakaninsa da tukwanenta ba.